Farin Tabo A Baki: A Cire Shi Tun Bai Zama Kansa Ba

(Rubutaccen shirinmu na wannan mako)

 

Yau maganar baki za mu yi, bakin nan dai da muke cin tuwo da shi. Akwai wasu tabbai da ke fitowa a cikinsa, wani fari, wani ja, ba zafi ba ƙaiƙayi, mutum ya yi wata da watanni da su bai ma kula ba. Ba kansa ba ne tukuna, amma wasu daga cikinsu suna kan hanyar zama kansa. Abin da nake so mu tattauna shi ne: idan likita ya duba ya ce a cire, me ake nufi? Wace irin tiyata ake yi, kala nawa ce, mene ne amfanin kowace da matsalarta, kuma me ya sa bai kamata tsoron wuƙa ya hana mutum zuwa ba?

Tun farko in faɗa, ni ba likita ba ne. Wannan shiri don ka shiga ofishin likita da idonka a buɗe ne, ka san abin da za ka tambaya. Hukuncin ƙarshe na wanda ya leƙa bakinka ne da fitila.

To me ya sa matashi zai damu da wannan? Alƙaluman da hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar na shekarar 2020 sun nuna sama da mutum 377,000 ne suka kamu da kansar leɓe da ta cikin baki a wannan shekara kaɗai, kuma kusan 178,000 suka mutu. Ku lura da tazarar, kusan rabi kenan. Abin takaicin shi ne baki wuri ne da ake gani da ido. Ba hanta ba ne, ba huhu ba ne da sai an ɗauki hoto. Madubi da fitilar waya sun isa ka ga yawancinsa. Duk da haka mutane da yawa ba sa isa asibiti sai abu ya ci ya cinye. Kuma manyan abubuwan da ke jawo shi, sigari, shisha, taba gari da giya, yawanci a shekarunmu na samartaka ake fara su.

Bari mu fara da sanin tabban kansu.

Na farko shi ne farin tabo, wanda likitoci ke kira lukoplakiya. Fari ne, yana manne, ko ka goge shi da auduga ba zai fita ba, kuma likita ya duba bai ga wata cuta da za ta bayyana shi ba. Shi ne ya fi yawa. Labari mai daɗi, akasarinsu ba sa zama kansa. Matsalar ita ce ido kaɗai ba ya iya bambance wanda zai zama da wanda ba zai zama ba.

Na biyu jan tabo ne, iritroplakiya. Ja ne jawur, mai laushi kamar karan-miski. Bai kai farin yawa ba, amma ya fi shi haɗari nesa ba kusa ba. A wani nazari da likitoci biyu, Shafer da Waldron, suka wallafa a Amurka a 1975, kusan tara cikin goma na irin wannan tabo da aka gwada an tarar ƙwayoyin wurin sun lalace sosai ko ma kansar ta riga ta fara. Don haka jan tabo, ko wanda ya gauraya fari da ja, ba abin jira ba ne.

Na uku yana fitowa a leɓen ƙasa saboda dukan rana na shekaru. Leɓen ya bushe, ya riƙa saɓa, ya tsattsage, iyakarsa da fata ta dushe. Ya fi kama masu hasken fata, kuma a wajenmu 'yan uwanmu zabiya su ne suka fi shiga wannan haɗari, musamman masu noma ko talla a rana.

Akwai kuma wani da ke sa naman cikin kumatu ya yi tauri har baki ya kasa buɗewa sosai. Wannan ya fi yawa a Indiya da maƙwabtanta saboda taunar wani ɗan itace da ake kira areka, wanda ake haɗawa da taba a ƙananan fakiti. Ba goron da muka sani ba ne, wani abu ne daban. Na kawo shi ne saboda ɗalibanmu da ke karatu a can, kada wani ya ɗauke shi abin wasa. Haka 'yan uwanmu na Sudan sun san tumbak, garin tabar da ake kwaɓawa da kanwa a danna a leɓe. Bincike ya nuna yana ɗauke da sinadaran jawo kansa masu yawan gaske. Taba garinmu da ake cusawa a kumatu ko ƙarƙashin leɓe 'yar gidansu ɗaya ce, kuma sau da yawa daidai inda ake ajiye ta nan tabon ke fitowa.

Amma fa kada kowa ya ruga madubi ya tayar da hankalinsa. Ba kowane fari a baki ne abin tsoro ba. Akwai farin da ke gogewa ya bar ja a ƙasa, wannan yawanci cutar fangas ce, magani ake sha. Akwai wani fari-fari mai kama da hazo a cikin kumatu biyu da ke da yawa a wurin baƙaƙen fata, idan ka ja kumatun sai ya ɓace, wannan halitta ce, ba cuta ba. Akwai wanda karyayyen haƙori ke gogar wuri har ya yi kanta, idan aka gyara haƙorin sai ya baje. Ƙa'idar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce: duk tabo, ƙurji ko gyambon baki da ya wuce sati biyu zuwa uku bai warke ba, a kai shi a duba. Musamman idan yana gefen harshe, ko ƙarƙashin harshe, ko ƙasan baki inda miyau ke taruwa, ko can bayan ganɗa. Waɗannan wurare su ne suka fi haɗari.

Yanzu ka je asibiti, likitan haƙori ya duba ya ce bai yarda da tabon ba. Mataki na farko kafin kowace tiyata shi ne gwajin tsoka. Za a yi maka allurar kashe zafi a wurin, irin wadda ake yi idan za a cire haƙori, a yanki 'yar tsoka ƙarama, ba ta fi ƙwayar wake ba, a yi ɗinki ɗaya ko biyu, ka tashi ka tafi gida. Tsokar za a kai ta ɗakin gwaji, ƙwararre ya duba ta a madubin da ke ƙara girman abu. Shi zai faɗi ko ƙwayoyin halittar wurin sun fara sauya kama, kuma sauyin ya kai ina: kaɗan ne, matsakaici ne, ko mai tsanani. Wannan sakamakon, tare da girman tabon da inda yake, shi ke nuna hanyar da za a bi.

A nan ne nake so in tsaya, domin a nan muke rasa mutane. Dukkanmu mun taso muna jin cewa daji ba ya son ƙarfe, ba a yi masa allura, idan wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Wallahi wannan magana ta kashe mutane da yawa. Kuma na fahimci inda ta samo asali. Mutum zai zauna da ciwo shekara guda ko biyu, ana shafe-shafe ana turare, sai ya gagara a kwashe shi zuwa asibiti. A lokacin ciwon ya riga ya shiga wuya, ya shiga ƙashi. Likitoci su yi iya ƙoƙarinsu, bayan wata uku Allah ya yi masa rasuwa. Sai 'yan uwa su ce ai aikin da aka yi ne ya tayar da shi. Alhali jinkirin ne ya yi ɓarnar, wuƙar ta zo ne a makare. Yankar 'yar tsoka don gwaji ba ta mayar da tabo kansa. Abin da take yi shi ne ta gaya maka gaskiyar abin da ke bakinka tun da sauran lokaci.

To, sakamako ya fito. Idan babu sauyi a ƙwayoyin, ko sauyin kaɗan ne kuma wurin ba mai haɗari ba ne, likita na iya cewa a kawar da abin da ya jawo shi a sa ido. Ka daina taba, a gyara haƙori mai kaifi, ka riƙa dawowa ana dubawa. Wasu tabban masu shan taba suna raguwa ko su ɓace bayan an daina. Amma idan sauyin matsakaici ne ko mai tsanani, ko tabon ja ne, ko yana gefen harshe ko ƙasan baki, yawancin likitoci cewa za su yi a cire. Ga hanyoyin.

Hanya ta farko, kuma wadda ta fi daɗewa, ita ce yanka da wuƙar tiyata. Likita zai zagaye tabon, ya haɗa da 'yan milimitoci na lafiyayyen nama a gefe, ya ɗauke shi ɗungurungum, ya ɗinke. Idan ƙarami ne, allurar kashe zafi ta isa, kana farke, ranar za ka koma gida. Idan babba ne ko yana can ciki, sai a sa ka barci a ɗakin tiyata. Babban amfanin wannan hanya shi ne duk abin da aka cire ana kai shi ɗakin gwaji. Kun ga gwajin farko ɗan yanki kawai aka ɗauka, kamar mai sayen hatsi da ya soka tsinke a gefe ɗaya na buhu. Yana yiwuwa a wani lungu na tabon akwai kansar da ta fara, wadda gwajin farko bai taɓo ba. Idan aka kai shi gaba ɗaya, za a gano. Kuma za a duba gefe-gefen a ga ko an cire shi tas ko akwai saura. Matsalarta kuwa, akwai ɗan zubar jini, akwai ɗinki, kuma idan wurin na da faɗi, tabon warkewa na iya jan naman ya takura harshe ko buɗe baki. Shi ya sa idan ramin da aka bari babba ne, ana iya ɗebo siririyar fata daga cinya a rufe shi, ko a jawo wani kitse da ke cikin kumatu a toshe.

Hanya ta biyu ita ce leza, wato wani haske mai ƙarfi da aka tattara wuri ɗaya. Wadda aka fi amfani da ita a baki ita ce lezar iskar kabon. Ruwan da ke cikin nama ne ke shanye haskenta, sai wurin ya yi zafi nan take ya ƙone ya tashi kamar tururi. Tana yanka tana toshe ƙananan jijiyoyin jini a lokaci ɗaya, don haka jini kaɗan ne, kumburi kaɗan ne, sau da yawa ba a ɗinki, kuma wurin ba ya cika takurewa bayan ya warke. Tana da amfani sosai ga tabo mai faɗi ko wanda ya fito wurare da yawa.

Amma ku saurara da kyau a nan. Ana aiki da leza iri biyu. Akwai a yanke tabon da ita kamar wuƙa, a samu naman a kai gwaji. Akwai kuma a ƙone shi daga sama har ya ƙare. A na biyun babu abin da ya rage da za a kai ɗakin gwaji, ya zama hayaƙi. Idan akwai kansa a ɓoye a ƙasa, an share shaidar. Don haka duk wanda aka ce za a ƙone masa tabo da leza, ya tabbata an yi gwajin tsoka tukuna, kuma ya tambaya me ya sa aka zaɓi ƙonawa maimakon yankewa. Sannan ba kowane asibiti ke da wannan na'ura ba. Kada wani ya ji cewa tunda babu leza a garinsu to ƙaramin magani aka yi masa. Wuƙa a hannun ƙwararre ba ta gaza ba, kuma ta fi ba da tabbacin gwaji.

Hanya ta uku ita ce daskararwa. Ana amfani da ruwan iskar naitirojin, wanda sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. A daskarar da wurin, a bari ya narke, a sake daskararwa. Ƙanƙarar da ke haɗuwa a cikin ƙwayoyin ita ke fasa su. Bayan kwanaki wurin zai kumbura, ya yi bororo, mataccen naman ya saɓule, sabo ya fito. Babu yanka, babu jini sosai. Sai dai likita ba ya iya auna zurfin da sanyin ya kai daidai, kumburin na iya yawa, kuma a nan ma babu naman da za a gwada. Shi ya sa ba a cika fifita ta ba idan sauyin ƙwayoyin mai tsanani ne.

Hanya ta huɗu ita ce ƙonawa ko yankewa da na'urar lantarki. Tana tsayar da jini da kyau, kuma asibitoci da yawa suna da ita. Illarta zafin yana cin naman gefe, yana iya barin tabo, kuma yana iya ƙona bakin naman da aka cire har mai gwaji ya kasa karanta shi da kyau.

Ga masu matsalar leɓe kuma, idan lalacewar ta mamaye leɓen ƙasa, akwai aikin da ake fere jan ɓangaren leɓen gaba ɗaya, a jawo naman ciki a rufe, ya zama sabon leɓe. Ana iya yin wannan da leza ma. Bayan haka sai hula mai faɗi da man kariya daga rana su zama abokan tafiya.

Wani zai ce, to babu magani na sha ko na shafawa ne, sai an yanka? An gwada. An gwada sinadarin bitamin A da danginsa, an gwada wasu magungunan shafawa, akwai ma hanyar da ake shafa magani a haska shi da wani haske na musamman. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace shi, ta duba gwaje-gwajen da aka yi kan farin tabo. Abin da ta samu shi ne wasu magungunan suna sa tabon ya ragu, amma yana yawan dawowa, suna da illa, kuma babu hujjar cewa suna hana kansa. To idan magungunan da aka gwada a asibitoci haka sakamakonsu yake, ina ga ruwan jarkar da ake tallatawa a TikTok ana cewa yana narkar da daji cikin sati ɗaya?

Kuma don Allah, kada a kai wa wanzami. Na san a garuruwanmu shi ake kira ya cire belu, ya yi ƙaho, ya yi sakiya. Tabon baki ba hurumin aska ba ne. Idan aka kankare shi ko aka ƙona shi da ƙarfe a gida, sama ce kawai ta tafi, tushen yana nan, ga haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta, ga shi kuma an jefar da naman da ya kamata a gwada.

Yanzu ga gaskiyar da ba kowa ke son ji ba. Tiyata ba ta rufe littafi. Ko da wace hanya aka bi, tabon na iya dawowa, a wurin ko a wani wuri daban, kuma ko bayan an cire, haɗarin kansa bai koma sifili ba. Dalilin wani likita a Amurka mai suna Slaughter ya bayyana shi tun 1953. Hayaƙin taba ba wuri ɗaya yake taɓawa ba, duk shimfiɗar bakin yake wankewa shekara da shekaru. Tabon da ka gani shi ne inda ɓarnar ta fara fitowa fili, kamar gonar da ciyawa ta zuba iri ko'ina, ka nome inda ta tsiro, amma irin yana cikin ƙasa. Akwai ma wani nau'in farin tabo mai kurzunu-kurzunu da ke yaɗuwa wurare da yawa, ya fi kama mata masu shekaru, har waɗanda ba su taɓa shan taba ba, kuma shi ya fi kowane taurin kai wajen dawowa.

Wannan ba dalilin ƙin aiki ba ne. Dalili ne na abu biyu. Na ɗaya, a daina tabar kwata-kwata, ta hayaƙi da ta tauna. Wanda aka cire wa tabo ya koma kan shisha, ya zama mai ɗiban ruwa da kwando. Na biyu, a riƙa komawa. Yawanci likita zai ce duk bayan wata uku zuwa shida da farko, daga baya a tsawaita, amma ba a dainawa. Wanda ke zuwa a kai a kai, ko abu ya taso za a kama shi yana ƙarami.

Bari in ɗan taɓa zaman jinya, domin tambayar da ta fi zuwa ita ce, zan iya cin abinci? Zan iya magana? A ƙaramin aiki, eh. Kwanakin farko akwai zafi da ɗan kumburi, maganin da likita ya rubuta yana kwantar da shi. Abinci mai laushi: kunu, koko, fura, shayi da ya huce, faten dankali. A ajiye yaji, ƙuli-ƙuli, ƙanzo da tsire sai an warke. Ranar farko ba a kurkure baki da ƙarfi, daga washegari sai a riƙa kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri. Idan da leza aka yi, wurin zai yi wani fari ko rawaya-rawaya a sama, wannan hanyar warkewarsa ce, kada a kankare. Yawanci cikin 'yan makonni naman ya rufe. Idan jini ya ƙi tsayawa bayan an danna da auduga mai tsabta, ko zazzaɓi ya taso, ko kumburi ya fara hana haɗiya ko numfashi, a koma asibiti nan take. Kuma kafin aiki, a gaya wa likita idan akwai ciwon suga, hawan jini, sikila, juna biyu, ko ana shan maganin tsinka jini irin su asfirin.

Ku kwatanta wannan da abin da ke faruwa idan an bari ya zama kansa ya yi nisa. A lokacin ana maganar cire wani ɓangare na harshe ko na muƙamuƙi, a buɗe wuya a kwashe kaluluwa, a yi gashi na makonni, wani lokaci da ƙarin ruwan maganin kansa. Na'urorin gashi kuwa 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, sai an yi tafiya, sai an bi layi. Gida ya sayar da gona, ya sayar da fili. Magana ta sauya, cin abinci ya zama aiki. Duk wannan a kan abin da wata rana aikin minti talatin ne a kujerar likitan haƙori. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ina za a je? A fara da likitan haƙori a babban asibitin da ya fi kusa. Idan ya ga abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka sashen tiyatar baki da muƙamuƙi. Akwai irin wannan sashe a asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano a Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello, na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato da na Jami'ar Maiduguri. 'Yan uwa na Nijar kuma a nemi takardar turawa zuwa manyan asibitocin ƙasa na Yamai ko Damagaram. Wanda ke da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jiha, ya tambaya tun a farko me ta ɗauke masa.

Idan ka zauna gaban likita, ga tambayoyin da nake so ka riƙe. Me sakamakon gwajin ya nuna, sauyin kaɗan ne ko mai tsanani? Wace hanya za a bi, kuma me ya sa ita? Za a kai abin da aka cire ɗakin gwaji? Yaushe zan karɓi sakamakon? Akwai yiwuwar wurin ya mutu ba na jin taɓi, ko ya shafi maganata? Yaushe zan dawo? Ka karɓi kwafin sakamakonka ka adana, ka ɗauki hoton tabon da wayarka kafin aiki da bayansa. Tambaya ba raini ba ce, haƙƙinka ne, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: idan kana shan wani abu, faɗa masa gaskiya.

Kafin in rufe, akwai wani aiki da aka yi a jihar Kerala ta Indiya da ya kamata mu sani. An horar da ma'aikatan lafiya na unguwa, ba manyan likitoci ba, suna bi gida-gida suna leƙa bakin mutane da fitila, wanda aka ga abin zargi a tura shi asibiti. Da aka wallafa sakamakon a mujallar Lancet a 2005, an ga mace-macen kansar baki tsakanin masu taba da giya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Fitila da ido da takardar turawa. Babu abin da zai hana a yi irin wannan a asibitocinmu na sha-ka-tafi, kuma ya kamata mu matasa mu riƙa tambayar wakilanmu da hukumomin lafiya na jihohinmu me ya sa ba a yi. Haka dokar taƙaita shan taba ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da sigari kara-kara. Ku leƙa teburin mai shago a layinku ku gaya mini ko ana bin ta.

Aikin gida na wannan mako: yau da daddare bayan ka goge baki, tsaya gaban madubi da fitilar waya. Ja leɓen sama da na ƙasa, duba dasashi, duba cikin kumatu biyu, fito da harshe ka juya shi dama da hagu, ɗaga shi ka duba ƙasa, sannan ka shafa wuyanka ka ji ko akwai ƙullutu. Minti biyu ne. Sannan ka tuna da baba ko kawu ko kaka da ke sa taba gari, ka lallaɓa su su bari ka duba musu, cikin ladabi. Idan ka ga abin da ya wuce sati biyu, kai ne za ka raka su asibiti.

A nan za mu dakata. Wanda ke da tambaya ya ajiye ta a ƙasa, za mu tattara mu miƙa wa likitan haƙori ya amsa a wani shiri na gaba. A tura wa 'yan uwa da abokai, musamman 'yan majalisar shisha. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare masu ita. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, na bar ku lafiya.